GST a jami'o'in Katsina: An rage kwasa-kwasan zuwa shida, amma zauren laccar bai ragu ba

Duk ɗalibin da ya shiga jami'a a Najeriya, ko likitanci ya je karantawa ko Hausa ko lissafi, akwai wasu darussa da ba zai fita da digiri ba sai ya ci su. Su ne darussan bai-ɗaya, waɗanda ɗalibai suka fi sani da GST. A kwalejojin kimiyya da fasaha GNS ake ce musu, a kwalejojin ilimi kuma GSE.

Su ne darussan da aka fi rainawa a kowace makaranta. Ɗalibi kan ɗauke su a matsayin shingen da za a tsallake kawai, wasu malaman kuma suna kallon su a matsayin ƙarin wahala. Amma su kaɗai ne wurin da mai karanta injiniya yake haɗuwa da tarihin ƙasarsa, mai karanta shari'a kuma yake jin yadda ake kafa sana'a. Shi ya sa sauyin da aka yi musu a 'yan shekarun nan ya cancanci a tsaya a duba shi, musamman a jiha irin Katsina da ke da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Jami'ar Al-Qalam, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, da kuma sabuwar Jami'ar Sufuri ta Daura, waɗanda dukansu wannan doka ta hau kansu.

Me aka sauya?

A watan Disambar 2022, lokacin da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, take bikin cika shekara 60, ta ƙaddamar da sabuwar manhaja mai suna CCMAS. A lokacin Farfesa Abubakar Adamu Rasheed, tsohon shugaban Jami'ar Bayero ta Kano, shi ke jagorantar hukumar. Manhajar ta maye gurbin tsohuwar da ake kira BMAS, wadda aka yi aiki da ita tun 2007. Gwamnati ta ce a fara amfani da sabuwar daga watan Satumbar 2023, kodayake yajin aikin wata takwas da ASUU ta yi a 2022 ya riga ya hargitsa kalandar makarantu, don haka ba rana ɗaya kowa ya fara ba.

Abubuwa biyu ne suka fi jan hankali a cikinta. Na farko, NUC ce ta rubuta kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar a kowane fanni, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da ita da yankinta. Na biyu, an zaftare darussan bai-ɗaya. Hukumar ta ce ta rage su daga yunit 36 zuwa yunit 12, wato kwas shida masu yunit biyu-biyu.

Waɗanda suka rage su ne Turanci, da al'ummomin Najeriya da al'adunsu, da falsafa da manɗiƙi, da zaman lafiya da sasanta rikici, sai kwas biyu na koyon kasuwanci da kafa sana'a. A digirin shekara huɗu da mafi ƙarancinsa yunit 120 ne, wannan na nufin kashi ɗaya cikin goma ke nan na karatun ɗalibi.

Abin da aka sauke daga jerin dole ya haɗa da kashi na biyu na Turanci, da darasin amfani da laburare da dabarun nazari, da tarihi da falsafar kimiyya, da kuma ɗan Faransanci ko Larabcin da ake taɓawa a da. Jami'a na iya dawo da su idan ta ga dama, amma fa daga cikin nata kashi 30 ɗin, inda kowane sashe yake kokawar cusa nasa kwasa-kwasan.

ASUU ba ta yi na'am da tsarin ba. A tsakiyar 2023 shugabanta na lokacin, Farfesa Emmanuel Osodeke, ya soki manhajar da cewa an ƙaƙaba wa jami'o'i ita ne daga sama, kuma ta ƙwace ikon da doka ta ba majalisar malamai ta kowace jami'a na tsara abin da za ta koyar. NUC ta mayar da martani cewa doka ce ta ba ta hurumin gindaya mafi ƙarancin ma'auni, kuma malaman jami'o'in ne da kansu suka zauna suka rubuta. Kowane ɓangare yana da hujjarsa. Sai dai wannan jayayya ta wane ne ke da iko ta cinye lokacin da ya kamata a ba wata tambaya da ta fi shafar ɗalibi: shin kwas shidan da suka rage, ana koyar da su kuwa yadda za su amfane shi?

Matsalar ba a takarda take ba

Rage yawan kwasa-kwasan ba laifi ba ne. A tsohon tsari, ɗan aji ɗaya kan kwashi GST rututu a kan darussan sashensa, ya haddace su daren jarrabawa, ya manta da su washegari. Guda shida da aka koyar da kyau sun fi goma sha biyar da aka yi wa shafar mai.

Amma duk wanda ya taɓa zama ajin GST a wata babbar makarantar gwamnati a ƙasar nan ya san yadda abin yake. Ana tara ɗaliban tsangaya guda, wani lokaci tsangayoyi biyu ko uku, a zaure ɗaya. Na gaba suna ji, na tsakiya suna hasashe, na baya da na bakin taga suna danna waya. Idan wuta ta ɗauke lasifika ta mutu, laccar ta zama ta layi biyar na farko. Malamin kuma galibi aro shi aka yi daga wani sashe, yana da nasa ɗaliban da nasa binciken da ƙarin girmansa ya dogara a kai. A ƙarshen zango a yi jarrabawar canki-canka a kwamfuta, saboda babu mahalukin da zai iya duba rubutun mutum dubu shi kaɗai.

Ɗauki Turanci, wato GST 111. A takarda an ware masa awa 15 na lacca da awa 45 na gwaji, inda ake sa ran ɗalibi zai yi rubutu, ya yi magana, a gyara masa. Tsari ne mai kyau. To amma wa zai yi gyaran? Rubutu ba ya gyaruwa sai wani ya karanta abin da ka rubuta, ya ja layi da jan biro, ya ce sake. Ɗalibin da ya ci A a canki-canka yana iya kasa rubuta takardar neman aiki mai shafi ɗaya, kuma masu ɗaukar ma'aikata sun daɗe suna wannan ƙorafi.

A nan ne sauyin ya fi taɓa 'ya'yan talakawan Katsina. Yaron da ya fito daga makarantar kuɗi a Abuja ko Kaduna, bai damu ba ko an rage Turanci ko an soke shi gaba ɗaya. Wanda ya fito daga sakandaren gwamnati a Batsari ko Safana ko Sabuwa, inda rashin tsaro ya sa aka yi ta rufe makarantu ana buɗewa, shi ne yake bukatar zango biyu na Turanci, har da ƙari. Shi ne kuma bai taɓa shiga laburare ba kafin ya zo jami'a. An cire masa tsani biyu a lokaci guda, an ce ya hau bene ɗaya da kowa.

Cire darasin laburare da dabarun nazari daga jerin dole ya zo a lokacin da aka fi bukatarsa. Yau ɗalibi na iya sa manhajar ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT ta rubuta masa aikin gida cikin minti ɗaya. Jita-jita kuma tana yawo a WhatsApp da Facebook da TikTok fiye da yadda take yawo a bakin kasuwa. Sanin yadda ake tantance majiya, da bambance hujja da ra'ayi, da faɗar inda ka ɗauko magana, ba ado ba ne. Tsohon kwas ɗin ya tsufa, gaskiya ne, don har yanzu wasu na koyar da shi kamar ana zamanin katin laburare. Gyara yake bukata, ba sallama ba.

Awa 30 don tarihin ƙasa baki ɗaya

Kwas ɗin al'ummomin Najeriya da al'adunsu, GST 112, shi ne ya fi nuna yadda aka cika buhu har ya kusa yagewa. A cikinsa ana so a taɓo tarihin Hausawa da Yarabawa da Ibo da sauran ƙabilu kafin 1800, da zuwan Turawa, da haɗewar 1914, da gwagwarmayar neman 'yanci, da yaƙin basasa, da mulkin soja, da shirye-shiryen gyaran tarbiyya irin su WAI da MAMSER, har da matsalolin ƙungiyoyin asiri da satar mutane. Duk a cikin awa 30.

Ga shi kuma yawancin ɗaliban da ke jami'a yanzu sun yi firamare da ƙaramar sakandare ne a shekarun da aka cire tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa. Da yawansu wannan kwas shi ne karo na farko kuma na ƙarshe da za su zauna a aji a yi musu maganar tarihin ƙasarsu.

Abin takaicin shi ne a Katsina ake wannan ƙishirwa, garin da tarihi ke tsaye a tsakiyarsa. Hasumiyar Gobarau na nan, ana danganta ta da ƙarni na 15, lokacin da birnin ya fara zama matattarar malamai. Ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1920 kuma ta yaye su Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, yanzu gidan adana kayan tarihi ne. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, ya rubuta littafi sukutum kan sauye-sauyen da ƙasar Katsina ta gani daga 1400 zuwa 1883. Ɗalibi nawa ne ke gama shekara huɗu a garin nan ba tare da ya taka ko ɗaya daga wuraren nan ba, ko ya buɗe shafi ɗaya na littafin?

Haka batun falsafa da manɗiƙi, GST 212, wanda wasu ɗalibai ke ɗari-ɗari da shi suna ganin baƙon abu ne da zai taɓa musu aƙida. Da za a fara musu da cewa Shehu Muhammad al-Maghili, wanda ya zo Kano da Katsina a ƙarshen ƙarni na 15, ya kare ilimin manɗiƙi a muhawararsa da Imam Suyuɗi na Masar, da kallon da suke wa kwas ɗin ya sauya. Da za a gaya wa mai karanta lissafi cewa Muhammad al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu kan lissafin hatimi wanda masana tarihin lissafi ke ambato har yau, da ya san abin ba daga Turai kaɗai ya faro ba.

Asali ma tunanin cewa a ba ɗalibi ilimi mai faɗi kafin ya ƙware a fanni ɗaya ba baƙo ba ne a nan. Almajirin zaure kan bi ta fiƙihu da nahawu da lugga da hisabi kafin a san shi da wani fanni. Abin da ya bambanta shi da ɗan GST na yau shi ne malaminsa ya san sunansa, kuma yana sauraron karatunsa baki da baki.

Zaman lafiya: darasin da ke bakin ƙofa

Idan akwai kwas ɗin da bai kamata a koyar da shi a Katsina kamar yadda ake koyar da shi a Legas ba, to GST 312 ne, na zaman lafiya da sasanta rikici. Misalan da manhajar ta ambata sun haɗa da rikicin Tibi da Jukun da na Zangon Kataf. Suna da muhimmanci, ba shakka.

Amma ɗalibin da ke zaune a ajin, wataƙila ƙauyensu ya tashi. Wataƙila da kuɗin gonar gidansu aka biya fansar wani. Yana sane da ɗaliban sakandaren Ƙanƙara sama da 300 da aka sace a Disambar 2020. Wanda ke Dutsin-ma ya san an shiga gidan da ɗalibai mata ke haya a Oktobar 2023 an tafi da biyar. Jihar ta gwada sulhu da 'yan bindiga a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, a 2016 da kuma 2019, abin ya rushe. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya kafa rundunar tsaron al'umma a 2023. Daga baya wasu ƙananan hukumomi, irin su Jibiya da Batsari, suka shiga nasu sulhun na al'umma.

Wannan kaɗai manhaja ce guda. Me ya sa sulhun farko bai ɗore ba? Mene ne rawar burtali da makiyaya da dajin Rugu a asalin rikicin? Ina matsayin masu unguwanni da dagatai da ardo-ardo a da, kuma yaushe aka daina jin maganarsu? Wace illa 'yan sa-kai suka yi, wane amfani suka yi? Ba a bukatar malami ya ɗauki ɓangare. Ana bukatar ya koya wa ɗan manomi da ɗan makiyayi da ke zaune a benci ɗaya yadda za su yi wannan magana da hujja ba tare da an tashi baram-baram ba. Wannan kuwa ba ya yiwuwa a zauren mutum ɗari takwas, kuma ba a auna shi da zaɓi A ko B.

A Amurka, inda aka aro wannan tsari, haka abin ya faro. Jami'ar Columbia ta ƙirƙiro shahararren kwas ɗinta na bai-ɗaya ne a 1919, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, don ɗalibai su fahimci matsalolin zamaninsu, kuma har yau a ƙananan azuzuwa na mutum ashirin da 'yan kai ake yin sa. Harvard ta fitar da nata tsarin a 1945, ta kuma sake masa fasali fiye da sau ɗaya tun daga lokacin. Jami'ar Nsukka ce ta shigo da shi Najeriya a farkon shekarun 1960. Mun ɗauko sunan da jerin darussan, muka bar ƙaramin ajin a can.

Sana'a a kan allo

Kashi ɗaya cikin uku na GST yanzu na kasuwanci ne, ENT 211 da ENT 312. Dalilin a fili yake: babu aikin gwamnati da zai ɗauke masu digirin da ake yayewa kowace shekara. Tun wajen 2007 aka wajabta wannan darasi a manyan makarantu, kuma abin da ya fi yawa a sakamakonsa shi ne sabulun ruwa da turaren tsuguno da man shafawa da ake haɗawa rukuni-rukuni don a samu maki.

Mu da muka bi ta kwalejin kimiyya da fasaha mun san bambancin wanda ya karanta yadda ake abu da wanda ya riƙe abin da hannunsa. Hukumar NBTE, ƙarƙashin Farfesa Idris Bugaje, ta matsa sai kowane ɗalibin difloma ya fita da shaidar ƙwarewa a wata sana'a bayan takardarsa. Jami'o'i na da abin koyo a nan, ko da yake ba su cika son a ce su koya daga kwaleji ba.

Katsina ba ta rasa malaman kasuwanci. Suna kasuwar hatsi ta Dandume da Bakori, suna kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa da Charanchi, suna kan hanyar Jibiya zuwa Maraɗi. Ɗan kasuwar da ya rayu cikin rufe iyaka na 2019, ya sake rayuwa cikin na 2023 bayan juyin mulkin Nijar, ya san abin da ake kira kasada fiye da kowane littafi. Ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da ake ginawa zai ratsa jihar. Gwamnan jihar kansa tsohon shugaban SMEDAN ne, hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i ta ƙasa, kuma ya kafa irinta ta jiha, KASEDA. Ba abin da zai hana a haɗa kwas ɗin kafa sana'a da waɗannan, ɗalibi ya yi makonni yana bin wani ɗan kasuwa ko mai sana'a, ya dawo ya rubuta abin da ya gani da lissafinsa. A nan ya koyi kasuwanci, ya kuma koyi rubutu.

A hannun wa gyaran yake?

Saukin abin shi ne yawancin wannan ba ya bukatar izinin Abuja. Manhajar NUC mafi ƙarancin ma'auni ce, ba ta hana ƙari ba. Kashi 30 na digirin yunit 120 yunit 36 ne. Majalisar malaman kowace jami'a na iya cewa huɗu daga ciki na kowa da kowa ne: biyu don rubutu da tantance bayanai, biyu don tarihi da tattalin arzikin yankin. Jami'ar da ke da nisan tafiyar awa ɗaya ko biyu daga iyakar Nijar tana da dalilin dawo da Faransanci. Al-Qalam, wadda aka kafa a 2005 kan tubalin Musulunci, tana da dalilin riƙe Larabci da tarihin malaman ƙasar Hausa. Babu kuma dokar da ta hana a koya wa mai karanta aikin lafiya ko aikin gona yadda zai rubuta bayani da Hausa mai kyau, tunda da ita zai yi wa jama'a magana idan ya fita.

Mai wuyar shi ne kuɗi da mutane. Raba aji mai mutum dubu zuwa rukunan hamsin-hamsin yana nufin rukuni ashirin, kowanne da mai kula da shi. Jami'o'in duniya da ɗaliban digiri na biyu da na uku suke wannan aiki, suna biyansu alawus. TETFund na gina zaure da laburare, tana tura malamai ƙaro karatu, amma ba ta biyan albashi. A jami'ar jiha wannan nauyi na gwamnatin jiha ne, a ta tarayya na Abuja, a mai zaman kanta kuma a kuɗin makaranta zai fito.

Akwai kuma batun daraja. Sashen GST ba ya yaye ɗalibi ko ɗaya da sunansa, don haka ba shi da tsofaffin ɗalibai masu yi masa faɗa, kuma idan masu tantance kwasa-kwasai suka zo, hankalin kowa na kan sassan da ke ba da digiri. Muddin koyar da GST bai shiga lissafin ƙarin girman malami da nauyin da ya dace ba, ƙwararrun za su ci gaba da tura ƙananan malamai su je su yi.

Rukunin farko da suka fara da sabuwar manhajar a zangon 2023/2024 za su fita ne a wajen 2027, idan yajin aiki bai gitta ba. Kafin lokacin, majalisar dokokin jiha da iyaye da ƙungiyoyin ɗalibai na iya neman kowace jami'a a Katsina ta bayyana abubuwa uku a fili: me ta zuba a nata kashi 30 ɗin, ɗalibi nawa ne ke gaban malami ɗaya a ajin GST 111, kuma shafi nawa ɗan aji ɗaya yake rubutawa da hannunsa a duba masa kafin zango ya ƙare.